Keji Mai Ƙubba

Tun da na dawo daga Damagaram ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na fito masallaci a tare ni, in na zauna bakin shagon Tanko maƙeri a tare ni: "Iro, yaya ƙasar Faransa? Da gaske ne motocinsu ta hannun dama suke bi?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya tsinci abin da zai ba shi dariya ya yi gaba. To, ga shi nan gaba ɗaya. Ku 'yan majalisar Unguwar Sarki kuma ku yi haƙuri, don kuna ciki.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, yayana Garba ne. Ya tafi yaƙin Bama, wanda Turawa suka kwashi sojanmu suka kai ƙetaren teku, yana saurayi mai surutu da tsokana, ya dawo da hannu da ƙafa lafiya lau, amma mu da ke gida mun san ba duka ya dawo ba. Kun san shi. A masallaci ba ya tsayawa sai ƙarshen sahu, kafaɗa a jikin bango. A ɗakinsa tabarmarsa na can ƙuryar lungu. Kuna yi masa ba'a kuna ce masa ƙadangare, yana murmushi. Sau ɗaya tak ya taɓa ce mini a dajin can mutum ba ya runtsawa sai ya san abin da ke bayansa, daga nan bai ƙara ta da zancen ba.

Abin da ya riƙe shi shekarun nan kanari ne. Malam Ilu, wani falke mai fata daga Damagaram da ke sauka gidanmu tun mahaifinmu na da rai, shi ya kawo masa shi a ɗan kejin kara. Da tsuntsun nan Yaya yake hira, saboda shi yake tashi da wuri, in ya ba shi tsaba shi ma sai ya ci nasa abincin. Farkon bazarar bana tsuntsun ya mutu, tsufa ne kawai. Yaya ya binne shi, ya koma lungunsa, ya rufe baki. Na sayo masa wani a kasuwa, ko kallo bai ishe shi ba. Inna ta ce kukan ba iri ɗaya ba ne, sai an koma inda aka samo na farko.

Ana cikin haka Baffa Audu, ƙanen mahaifinmu, ya zo daga Rigachikun ya ce birni ne ke ƙara masa, a ba shi ɗansa ya tafi da shi gida a yi na gargajiya. Ba mu da bakin hana shi. Ya sauke shi a kago, wato ɗakin nan na ƙauye mai da'ira da jinka a sama. Da na je dubiya sai na tarar mutumin da a da ba ya motsi yanzu ba ya zama. Bin bango yake, zagaye bayan zagaye, har rigarsa ta cinye a kafaɗa, fatar wurin ta saɓule. Baffa ya ce iskoki ne suka fito fili. Ya ce, "Iro, yanzu akwai masu tsaronsa. Ranar da ruwa ya sauka kowa gona zai nufa, kuma ni ba zan bar shi ya faɗa rijiya ba. Mari zan sa masa a ƙafa." Na roƙe shi ya jira in je Damagaram in dawo. Ya ce shi zai jira, amma bai san ko sama za ta jira ba.

A nan ne kuka shigo. Da na faɗa a majalisa, sai kuka ce ai ba za a yi abin kunya ba, mutanen Kaduna ba za su je ƙasar Faransa karɓar tsuntsu a cikin kara ba. Tanko ya zage ya ƙera keji na waya, zagayayye, gindinsa bai fi faifai ba, ga tsawo, ga ƙubba a sama irin ta gidan majalisar dokoki, duk wayoyin sun tattaru a ƙololuwa sun haɗe da zobe. Aka shafa masa koren fenti. Har daga Unguwar Dosa aka zo kallonsa. Ni ma na yaba, ba zan ce ban yaba ba.

Na shiga jirgin ƙasa da safe. Da muka tsaya Rigachikun ina hango jinkar gidan Baffa ta taga, ban sauka ba, don na san abin da zan gani. Kejin kuwa ya zama abin hira a taragonmu. Wata Bayarabiya mai sayar da atamfa ta matsa sai in sayar mata ta sa fitila. Mai duba tikiti ya leƙa ciki ta sama, ya leƙa ta ƙasa, ya tambaye ni ina tsuntsun. Na ce shi zan je ɗaukowa. Ya ce, "Allah ya sa ya san darajar gidan."

A Kano na kwana Fagge wurin wani tela abokina, washegari na hau babbar mota zuwa Daura. A kan buhunan gishiri muka zauna, keji a kan gwiwata, duk ramin da muka faɗa zoben ya daki haɓata. Kafin Kazaure taya ta fashe, muka yini gindin kuka muna kallon direba yana zagin roba. Ni kuwa sama nake kallo. Duk ɗan farin gajimaren da ya gitta sai gabana ya faɗi.

Masaukin Daura zauren wani dillali ne, mutumin kirki, ya ba mu fura mai yaji da nono mai kauri wadda har yau nake tunawa. Amma tabarmarsa ta riga ta sami masu ita. Kuɗin cizon Daura ba su san baƙo ba, ko kuwa baƙon kaɗai suka sani. Na wayi gari jikina duk ruɗu-ruɗu.

Sai iyaka, a Kwangwalam. Ɓangarenmu wani ma'aikaci ne a inuwar bishiya, ya ɗaga mana hannu ko tashi bai yi ba. Ɓangarensu kuwa abin ba wasa. Masu binciken kaya, su suna ce musu duwan, ga guntun wando ga bulala a hammata. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne na ji wani dattijo mai furfura ya rusuna wa babbansu ya ce, "Sannu, mushe." Na ja da baya, don na ɗauka yanzu za a yi kisa. Sai na ga mutumin ya washe baki. Ashe a can in kana son girmama ma'aikaci haka za ka kira shi, kalmar Turawansu ce. Abin da mu muke ja da igiya mu kai bayan gari, su shi ne sarauta. Mu kuma sunanmu a bakinsu 'yan Ingilishi, ko da kuwa kakanka bai taɓa wuce Zariya ba. Game da tambayarku ta hannun dama, direba dai ya rantse ya koma dama, amma hanyar rairayi ce zalla, sawu ɗaya, ban ga dama ban ga hagu ba.

A Matamaye na fara ganin burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, mai ɓawon da ke yanka dadashi. Na jiƙa shi a ruwa na ci, masu shayi suna ta kallona.

Damagaram gari ne na duwatsu da ƙishirwa. A nan Kaduna muna wasa da ruwa, mu wanke ƙafa mu watsar a titi. A can buta ɗaya ita ce alwalarka, kuma in ka zubar da saura yara ma sai sun dube ka. Hausarsu tamu ce, sai dai suna ja mata wuya, kuma babbar mota a wurinsu kamyo ce. Kilishinsu ya fi namu, wannan ba gardama. Tuwon geronsu kuwa sai mai haƙuri.

Na sami Malam Ilu a cikin Birni. Ya tsufa ƙwarai, ya bar fatauci, idonsa ya yi hazo. Ya gane ni da murya. Tsakar gidansa kuwa keji ne birjik jere a ƙarƙashin rumfa, duk na kara, duk masu kusurwa huɗu, tsawonsu a kwance yake ba a tsaye ba, kuma kowanne bayansa manne da bango. Da tsuntsayen ciki suka ɗauki kuka gaba ɗaya sai na ji hawaye ya zo mini, don muryar tsuntsun Yaya ce sak.

Bayan na ci na sha, na gaya masa abin da ya kawo ni. Can ya ce, "Garba da ke ɗaukar mini kaya daga tasha yana ba ni dariya." Sai na jawo kejin Tanko na ajiye gabansa da alfahari, na ce ga gidan da muka yi wa tsuntsun. Ya shafa shi tun daga gindi har zobe, ya sunsuni fentin, ya ce, "Iro, wa ya yi wannan?"

Na ce, "Maƙerin unguwarmu ne, Baba."

Ya ce, "Hannunsa na da kyau. Ya taɓa kiwon tsuntsu?"

Na ce a'a, ko tattabara bai taɓa ba.

Ya kama hannuna ya tura yatsana tsakanin wayoyi biyu, ya ja shi sama a hankali. Tun ana sakin yatsan har wurin ya fara matsewa, kafin mu kai zobe ya maƙale, sai da na fizge. Ya ce, "Kai ke nan mai hannu biyu. Shi da zai hau nan da ƙafa kamar tsinke, wa zai cire shi?" Ya ce kuma kanari ba hayaƙi ba ne da zai miƙe sama, tashinsa daga nan zuwa can ne, don haka duk tsawon nan na mai kallo ne, tsuntsu bai ƙaru da komai ba. Sannan ya zagaya gindin kejin da tafin hannunsa ya ce, "Babban abin ma, ina lungu? In shaho ya gitta, ko yaro ya yi ihu, tsuntsu lungu yake nema ya shige, ya san ta gaba kawai abu zai zo masa. A nan ko'ina gaba ne, ko'ina baya ne."

Na ji kunya, na ce to ya riƙe kejin kyauta daga mutanen Kaduna. Ya ce ya gode, amma in mayar wa mai shi, a gidansa ba abin da ya tsana har da zai sa a ciki. Ya zaɓo mini kanari 'yan samari biyu, jinin na Yaya, ya sa su a kejin kara mai ɗaki biyu, ya ce hanya da nisa, in ɗauki biyu. Ya ƙi karɓar komai. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce in gaida Garba, in ce masa Ilu na nan bai mutu ba.

Har iyaka lafiya muka zo. Na rungume kejin kara a ƙirji, na Tanko na ɗaure a bayan ƙunshina kamar tulun da ba ruwa. Tsuntsayen kowanne ya shige lungunsa ya lafe, in mota ta tsaya har su ɗan yi tsuwa. A wurin duwan aka ce kowa ya sauko, a sauke kaya duka, wani abu suke nema da ba su faɗa ba. Ɗaya ya nuna ni da bulala ya ce in kwance ƙunshina da hannu biyu. Na ajiye kejin a inuwar mota. Ban gama kwance igiya ba na ji tim. Ɗaurin fata ne aka wurgo daga sama, ya sauka a gefen kejin ya murƙushe shi. Allah ya sa bai sami tsuntsayen ba. Na cafe ɗaya da hannu, na kife ɗaya da hula. Na ɗaga kai na dubi mai bulalar, na ce, "Mushe," kuma Allah ya sani da ma'anarmu ta gida na faɗa. Ya gyaɗa kai, ya ji daɗi.

Karan ya zama tsinke, direba ya ta da mota, ba kuma wanda zai jira ni in nemi mai saƙa keji a Kwangwalam. Ba yadda na iya, na zuba su a kejin Tanko.

Abin da na gani daga nan ban so in sake ganinsa. Tsuntsayen da suka yini lafiya suka haukace. Su bi waya su zagaya, su faɗo, su sake bi, baki buɗe, ƙirji na bugawa. Duk wanda ya motsa a motar, ta kowane gefe, sai su zabura. Ba su ci ba, ba su sha ba. Mun wuce Daura da kaɗan motar ta faɗa wani rami, ɗaya ya yi sama cikin ƙubba, ƙafarsa ta shige inda yatsana ya maƙale. Ya rataya kai ƙasa yana fuffuka. Ƙofar kejin ƙarama ce, tana can ƙasa, hannuna bai kai ba. Kafin in tanƙware wayar da haƙori ƙafar ta karye. Ya mutu a tafin hannuna kafin Kazaure, da ɗuminsa na sa shi a aljihu don na rasa inda zan jefa shi.

Wata dattijuwa mai sayar da kanwa da ke zaune kusa da ni, wadda tun Matamaye ba ta ce mini ko sannu ba, ta cire mayafinta ta lulluɓe rabin kejin. Ta ce, "Ɗana, yi masa bango." Ɗayan ya koma jikin mayafin ya tsaya yana haki. Da muka rabu a Kano na mayar mata da abinta, na tuɓe rigata ta sama na rufa masa, na cusa tsumma a cikin ƙubbar.

Na hau jirgin komawa. Muna wuce Zariya na ji ƙanshin ƙasa ya shigo ta taga. Na leƙa, sai ga gonaki jiƙe, mutane sun yi layi, masu sara na gaba masu shuka na biye. Kowa a taragon yana hamdala. Ni kaɗai ne a jirgin nan ruwan bai yi wa daɗi ba, Allah ya yafe mini.

Na sauka Rigachikun. Gidan ba kowa sai Baffa a zaure, da laka a ƙafarsa. Bai bari na gama gaisuwa ba ya ce, "Na gaya maka sama ba ta jira."

Na shiga kagon. An kafa turke a tsakiyar ɗaki, Yaya na zaune jikinsa, mari a ƙafafunsa, idon sawunsa ya kumbura. Sarƙar ba ta kai bango ba. Ya rame har na ga ƙasusuwan wuyansa, kuma kansa bai tsaya ba, ya waiga dama, ya waiga hagu, ya waiga baya. Ga ƙwaryar kunu a gefe ƙuda sun rufe. Na ce, "Yaya, ni ne Iro. Malam Ilu na gaishe ka, ya ce yana nan bai mutu ba." Ko alama. Na ajiye kejin a gabansa, na yaye rigar don ya ga abin da na kawo.

Ina yaye rigar tsuntsun ya zabura ya fara zagaye. Na yi ta addu'a a zuciyata ya yi kuka ko sau ɗaya, don saboda kukan nan na je har wata ƙasa. Bai yi ba, zagaye kawai yake. Sai na ga kan Yaya ya tsaya. Ya zuba wa tsuntsun ido, yana bin sa. Mun daɗe a haka. Sannan ya buɗe baki, muryar ta fito a dushe kamar ta wanda ya tashi daga jinya, ya ce, "Iro, fitar da shi. Ba shi da inda zai sa bayansa."

Na ɗaga kai na bi bangon ɗakin da kallo, na zagaya da ido har na dawo inda na fara. Ga dattin kafaɗarsa a jikin bangon, layi ɗaya, bai yanke ba. Malam Ilu ya faɗa mini da baki, mai kanwa ta nuna mini da mayafi, amma duk tsawon hanyar nan tsuntsu kawai nake gani.

Ban taɓa ɗaga wa Baffa murya ba sai ranar. Na ce ba iskoki ba ne, ɗakin ne. Ya ce a kago aka haifi ubana, a kago aka haife shi, ba wanda ya haukace. Na ce ba wanda aka kai Bama a cikinsu. Ya ce in na ɗauke shi, duk abin da ya faru a wuyana. Na ce na ji. Har yau ba ya amsa gaisuwata da baki, sai da hannu.

Marin an dunƙule shi da guduma ne, sai maƙeri. Washegari na zo da Tanko. Kun san Tanko da baki, amma da ya shiga ɗakin nan ya ga turken, ya ga kejinsa a gefe, ya ji abin da ya faru a hanya, bai ce uffan ba har ya gama yanke ƙarfen. Da muka dawo Kaduna ya rufe shago ya zauna ya yi wani kejin, mai kusurwa huɗu, dogo a kwance, wayoyin a miƙe tun daga ƙasa har sama, bayansa katako, ba fenti ba zobe. Ba wanda ya zo kallonsa daga Unguwar Dosa.

Mai ƙubbar yana nan rataye a shagon, Tanko ya ce a bar shi inda zai riƙa ganinsa. Wancan makon wani ya taya don 'yarsa na son tsuntsu, Tanko ya kore shi.

Kuna tambaya ko Yaya ya warke. Bai warke ba. Ya koma ɗakinsa, ya koma lungunsa, yana shan kunu in Inna ta matsa, ciwon idon sawun bai gama rufewa ba. Tun maganar nan ta Rigachikun bai ƙara cewa komai ba, tsuntsun ma bai yi kuka ba ko sau ɗaya, kuma ban san wanda zai riga wani ba, ko kuwa shi ke nan. Na rataye sabon kejin kusa da taga don ya sami haske. Jiya da safe na shiga da tsaba na tarar ƙusar ba komai. Yaya ya sauko da shi ya ajiye a ƙuryar lungun, daidai inda tabarmarsa take, shi kuma ya matso waje ya zauna a gabansa, bayansa a buɗe ga ƙofa.